Farauta da talho: daga tabkin Tasawa zuwa Gulbin Kaba

 Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilimi. A farkon damanar bana wata ƴar hidima ta iyali ta kai ni ƙasar Tasawa da ta Mayahi, cikin jihar Maraɗi, sai ga shi na komo da labarin da ban tafi nema ba. Labarin waɗansu bayin Allah ne, ƴan kasuwa da ma'aikatan gwamnati kamar ni da ku, waɗanda suka ɗora wa kansu wata irin farauta da ba ta bukatar bindiga ko kare, ba ta kuma kawo nama gida. Da talhon hannu suke yin ta. Abin da suke kamawa shi ne hoton tsuntsaye da na ƙananan namun dajin da suka rage a ƙasarsu, in dare ya yi su taru, kowa ya nuna wanda ya fi so. Da fari na ɗauki abin a matsayin wasan waɗanda suka rasa aikin yi. Kwana uku da na yi tare da su suka sa na canza ra'ayi, shi ya sa na ga ya kamata ku ma ku ji.

Na bar Maraɗi ran Asabar da hantsi cikin motar haya. Muka bi babbar hanyar Damagaram, muka ratsa Cadawa da Agye da Gazawa, tafiyar kilomita wajen 120. An samu ruwa biyu ko uku, an yi shuka, hatsi ya fara fitowa layi-layi bisa jigawa, balbelu kuwa na biye da garken da ke haurawa arewa. Muka shiga Tasawa gab da la'asar, muka tarad da gari na ta shirin kasuwar Lahadi, manyan motoci na sauke buhuna, amalanke na kai da komo.

Fadar masu hoto

Mai masaukina abokina ne tun muna lakwal, yanzu kuwa malamin makaranta ne, kowa Mushe yake ce masa. Bayan sallar isha'i ya ja ni zuwa fadarsu, tabarma biyu da benci ɗaya ƙarƙashin bedi, ga butar shayi bisa gawayi. Mutum bakwai na iske. Waɗanda na fi riƙewa uku ne: wani Alhaji ɗan kasuwar hatsi, da wani majo na gidan likita, da wani dattijo da ya yi aikin gandun daji har ya kai ga hutu, wanda duk fadar ke kira Baba.

Dokar fadar guda ce. Ba a karɓar hoto sai mai shi ya faɗi abu uku: ranar da ya ɗauka, wurin da ya ɗauka, da yawan abin da ya gani. Mushe ke rubutawa cikin wani tsohon kaye. Wanda duk ya kawo tsuntsun da babu shi cikin kayen, an yafe masa kuɗin shayi na mako guda.

Mushe ya fara. Hotonsa na shamuwa ne, biyu, tsaye bisa sheƙarsu a kan wani gawo da ke tsakiyar wani ƙauye. Ya ce gawo abokin mai hoto ne, domin shi kaɗai cikin itatuwa ke kaɗe ganyensa da damana, saboda haka sheƙa na fili, babu abin da ke tare ta. Ya buɗa hoton da yatsu biyu, sai ga abin da na shekara hamsin ina kallo ban taɓa lura da shi ba: fuskar shamuwa shuɗiya ce lokacin ƙwai, da ɗan ja kusa da ido, gwiwoyinta da yatsunta ma ja ne. Ni a sanina baƙa ce da farin ciki, shi ke nan.

Kowa a ƙasar Hausa ya san zuwan shamuwa albishir ne na ruwa, shi ya sa ba a jifarta, ba a taɓa ƙwanta, kuma gidan da ta zaɓa ana yi masa kallon mai sa'a. Amma ina take zuwa in ta tashi da kaka? Tun muna yara kowa da irin tasa amsa. Masana daga ƙasar Danmak sun ɗaura wa waɗansu shamuwoyin Nijar wata ƴar na'ura mai magana da tauraron ɗan Adam, suka bi sawunsu, suka buga sakamakon a 2006. Tsuntsuwar da ke kwana bisa gawon ƙauyenmu tana ƙetare tsakiyar Afirka, ta bi damana har gabashi da kudancin nahiyar, wajen su Tanzaniya da Zambiya da Zimbabwe, ta yi tafiyar dubban kilomitoci, sa'an nan ta komo mana da bazara. Mafi yawan abincinta kuwa fara ce, wato maƙiyar hatsinmu. Ashe girmamawar da kakanninmu ke yi mata ba a banza ba ne.

Daga nan Alhaji ya miƙo nasa talho. Cilakowa ce manne a jikin wani tsohon icce, da fara a bakinta, tana tura ta cikin wata ƴar tsaga. Ya ce, "Malam, ka san wa ke cikin ramin nan? Matarsa ce." In macen cilakowa za ta yi ƙwai, sai ta shiga kogon icce, a liƙe ƙofar da laka da kashi, a bar ƴar kafa wadda baki kaɗai ke iya shiga. Nan za ta zauna makonni, namijin na kawo mata abinci daga safe har maraice. Alhaji ya ce safiya huɗu ya yi yana zuwa wurin kafin ya buɗe shago, sa'an nan ya dace. Fada ta ɗauki dariya da ya ƙara da cewa tun ranar nan ya daina ƙorafi a kan kuɗin cefane.

Hoton majo na lokacin ɗari ne, cikin watan Janairu, a bakin wani tabki na kudancin Tasawa: kirinjijiya sun fi ɗari a jere, zalɓe guda tsaye cikin ruwa kamar mai gadi, ga kuma waɗansu ƙananan tsuntsaye masu dogayen ƙafafu suna kiwo a taɓo. Waɗannan na ƙarshe, in ji shi, baƙi ne daga Turai. Sanyi ke koro su, su ƙetare teku da Sahara, su iso mana wajen watan Oktoba, su koma wajen Maris. Ba su da biza, ba su tsayawa a duwan.

Da aka zo kan Baba sai ya girgiza kai. Ya ce nasa hoton ba a kallonsa a Tasawa, sai mun je Mayahi ran Litinin.

Wa ya rubuta tsuntsayenmu?

Na kwanta daren nan ina tunanin kayen Mushe. In muka duba, kusan duk abin da aka rubuta game da tsuntsayen ƙasar ga baƙi suka rubuta shi. Bajamushe Heinrich Barth ya sauka a Tasawa cikin Janairun 1851 bisa hanyarsa ta zuwa Katsina da Kano, da alƙalami da takarda ya ajiye abin da ya gani. A 1920 wani ɗan Birtaniya mai suna Angus Buchanan ya taso daga Kano ya bi ta Damagaram har duwatsun Abzin, yana harbin tsuntsaye yana feɗe su, aka kai fatunsu Ingila. A shekarun 1990 wani masani ɗan ƙasar Holan, Joost Brouwer, ya fara tattara bayanan tsuntsayen Nijar wuri guda, aikin da daga baya aka ɗora bisa intanet, masu sha'awa suka riƙa aika hotunansu. An lissafa nau'in tsuntsaye fiye da 500 a ƙasar nan. Mu da muke kwana muna tashi da su, nawa muka ajiye shaidarsu?

Ba laifin iyayenmu ba ne. A zamaninsu hoto abu ne mai tsada. Fim guda hoto 36 yake ɗauka, sai an aika da shi Maraɗi ko Kano a wanke, a jira kwanaki. Wa zai ɓata shi a kan kurciya? Hoto na katin ɗan ƙasa ne, da na salla, da na aure. Yau kuwa ɗan kabu-kabu ma yana da kamara cikin aljihu, wadda ke rubuta rana da sa'a da kanta. Uzurin da suke da shi, mu ba mu da shi.

Da asuba, kafin kasuwa ta ci, majo ya kai ni ɗaya daga cikin tabkunan da ke gefen gari. Ruwan sabo ne, ja, kwaɗi na ta kuka. Nan ya koya mini abin da suka koya da kansu, ba tare da malami ba. A fito da sassafe ko da maraice, lokacin da haske ke da taushi. A sa rana a baya. A bar farar riga a gida. A zauna wuri guda, a bar tsuntsu ya zo da kansa, domin wanda ya bi tsuntsu wutsiyarsa kaɗai zai samu. Yana da wani tsohon madubin hangen nesa da ya saya a hannun ƴan gwanjo, sai ya liƙa idon talho a bakinsa, abin da ke nesa ya matso. Ya kuma ce babu maɓoya kamar amalanken shanu: tsuntsun da ke tashi in ya hango mutum a ƙasa, ba ya kula da amalanke ko ta wuce ta gabansa. Mun yi sa'a guda zaune. Zakaran ƙeƙuwa ya tone mana asiri da ihunsa, amma duk da haka na samu hotona na farko, wata tsanwaka shuɗiya bisa wayar lantarki. Rabin wutsiyarta ya fita daga hoton. Majo ya ce haka kowa ya fara.

Hanyar Mayahi

Ran Litinin da sassafe muka kama hanya, ni da Mushe da Baba, cikin motar ƴan kasuwa masu zuwa cin kasuwar Mayahi. Tafiyar ba ta da nisa, amma ƙasar na canzawa a hankali: rairayi na ƙaruwa, ƙauyuka na nisa da juna, har muka gangara cikin Gulbin Kaba. Wanda bai san wurin ba zai nemi ruwa ya rasa, domin gulbi ne da ya daina gudu tun zamani mai nisa, ruwansa na ƙarƙashin ƙasa. Abin da ke nuna shi goriba ce da kaba. Daga nan tabarmi da igiyoyi da faifai na kasuwannin yankin ke fitowa, mata da yawa da su suke rufa wa kansu asiri. Direba ya tsaya sauke kaya a wani ƙauye, Mushe ya yi wuf ya sauka, ya komo da hoton kurege tsaye bisa ƙafa biyu a bakin raminsa. Baba kuwa ya nuna mini sawun yanyawa da na bushiya bisa rairayi mai laima, ya ce su ma'aikatan dare ne, har yanzu babu wanda ya same su cikin fadar.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a hanyar nan itatuwa ne cikin gonaki: gawo, da kalgo, da sabara, da aduwa, manya da ƙanana. Baba ya ce wanda ya ga ƙasar ga bayan farin 1973 da na 1984 ba zai yarda ita ce ba. A lokacin, in ji shi, kana tsaye a wannan ƙauye kana hango wancan, iska na binne shuka sau biyu sau uku. A watan Mayun 1984 aka yi babban taron ƙasa a Maraɗi kan yaƙi da hamada. Amma abin da ya fi yin aiki daga hannun manoma ya fito, wato sassaben zamani: maimakon a sare duk tohon da ya fito daga tsohon kututture, sai a zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi, a gyara su, a bar su su girma. Wani ɗan ƙasar Ostareliya, Tony Rinaudo, ya fara yaɗa dabarar a yankin Maraɗi tun 1983, manoma suka karɓe ta suka kai ta inda bai taɓa zato ba. Masana sun ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200 a jihohin Maraɗi da Damagaram. Manomi don makamashi da abincin dabbobi da taki ya bar iccen, amma cilakowar Alhaji ma ta samu inda za ta sauka. Kogon da take ƙwai a ciki kuwa sai tsohon icce, shi ya sa Baba ke roƙon duk wanda ya gani da gatari ya tausaya wa tsofaffin.

Hoton Baba

Mun iske kasuwar Mayahi ta cika, jajayen awaki ko'ina. Baba bai bari mun tsaya ba, ya wuce da mu kai tsaye wajen mahauta. Ana ta fiɗa, ga jini ga tumbi. Ya ce in ɗaga kai in gaya masa abin da na gani. Na ga shirwa uku na shawagi, da hankaki bisa katanga. Ya ce, "Saura me?" Na yi shiru, can sai abin ya faɗo mini. Babu angulu ko ɗaya.

Sa'an nan ya fiddo talhonsa. Hoton bai da kyau ko kaɗan, ya yi dishi-dishi, an ɗauke shi daga nesa cikin hazo. Angulu ce guda ɗaya bisa busasshen reshe. Ya ce shekara uku ke nan da ya ɗauke ta a wani daji na arewa, kuma tun daga ranar bai sake ganin wata ba. Ya ce, "Ɗana, lokacin da na kama aiki, a mahauta irin wannan sai an sa yaro da sanda yana korarsu. Ban taɓa ƙirga su ba. Wa ke ƙirga angulu? Yau in na ce wa jikokina sun fi hamsin a nan, sai su ce tsoho ya fara ruɗewa, kuma ba ni da abin da zan nuna musu."

Maganar Baba ba ta Mayahi kaɗai ba ce. A 2015 ƙungiyar duniya mai lissafin halittun da ke cikin haɗari ta sa irin angulun nan ta cikin gari a sahun waɗanda ke gab da ƙarewa. Dalilan sanannu ne: gubar da ake zubawa a mushe don kashe dila ko karnuka, da kuma masu sayen kawunanta da sassan jikinta don tsibbu, cinikin da ke ƙetare iyaka. Mun raina ta don muninta, alhali ita ce mai sharar da ba a biya. A Indiya, inda wani maganin dabbobi ya kusa ƙarar da angulaye cikin shekarun 1990, mushe ya riƙa ruɓewa a fili, karnukan sakai suka yawaita, ciwon haukan kare ya ƙaru, har gwamnati ta hana maganin a 2006. Hausawa sun ce angulu ba ta jewar banza. Rashin jewarta ma ba banza ba ne.

Muka zauna inuwar wata rumfa, Baba ya shiga lissafa mana abin da idonsa ya gani da ƙuruciya a ƙasar nan: gauraka bibbiyu a bakin tabki, da tuje, da burtu wanda maharba ke ɗaura kansa a goshi su yi rarrafe su yaudari nama, da barewa, da jimina can arewa. Ko ɗaya babu cikin kayen Mushe. Amma ya ce kada mu yanke ƙauna, abin da aka ƙirga ana iya ceto shi. Ya kawo misalin raƙuman dawan Kure, kusa da Yamai. A 1996 guda 49 kaɗai suka rage a duk Afirka ta Yamma. Da yake an bi su ɗaya bayan ɗaya ana ɗaukar hotonsu, domin zanen jikin kowane daban yake kamar zanen yatsa, an san adadinsu, aka tsare su, har suka haura 600. A watan Nuwamban 2018 aka ɗauko 8 cikin mota, tafiyar fiye da kilomita 800, aka sake su a gandun Gadabeji, cikin gundumar Bermo, arewa maso yamma da inda muke zaune, wurin da aka keɓe tun 1955 kuma raƙumin dawa ya ɓace daga cikinsa shekaru kusan 50. Burin fadar Tasawa shi ne su haɗa kuɗin mota su je su gan su da idonsu.

Abin da ya rage gare mu

Ya ku ƴan kasuwa, kun fi kowa sanin cewa wanda ba ya rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, ranar da zai gane ya karye, rumbu ya riga ya zama wayam. Ku kuma ma'aikata, da rajista kuke aiki. To, dukiyar dajinmu haka ta tsiyaye babu mai rubutawa. Akwai doka, an sa mata hannu ran 29 ga Afrilun 1998, wadda ta tsara farauta da kare namun daji, amma doka ba ta da ido. Idon shi ne naku, ku da kuke kan hanya kowane mako daga kasuwa zuwa kasuwa, ku da ake turawa aiki ƙauyukan da masani bai taɓa takawa ba. In kun ga shamuwar farko ta shekara, ku ɗauke ta, ku rubuta ranar. In kun ga angulu ko gauraka, ko da hoton bai fito da kyau ba, ku ajiye shi, ku sanar da ma'aikatan gandun daji. Irin waɗannan bayanai, in sun taru shekara goma, ɗaliban Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ta Maraɗi za su samu abin aiki da babu shi cikin kowane littafi.

Sai dai mutanen fadar sun ce in ja muku kunne a kan abu uku. Kada a hau icce ko a taɓa sheƙa don neman hoto mai kyau, uwa na iya gudu ta bar ƙwai. Kada a baza wa duniya wurin da angulu ke sheƙa, domin ba duk mai kallon hoto ke nufin ta da alheri ba. Kuma a halin da ake ciki na tsaro, wanda ya shiga ƙauyen da ba nasa ba ya fara gaida mai gari ya faɗi abin da ya kawo shi, ya kuma nisanci wuraren jami'an tsaro da kamararsa.

Da la'asar na yi ban kwana da su a tashar Mayahi, na shiga motar Cadawa. Kafin mu tashi Mushe ya buɗe kayensa bisa gwiwa, ya rubuta ranar, ya rubuta mahautar Mayahi, shirwa 3, hankaka 5, angulu 0. Na tambaye shi amfanin rubuta abin da ba a gani ba. Ya ce sifirin nan shi ne abin da Baba ya rasa: da wani ya rubuta 50 a wurin nan shekaru 40 da suka wuce, da yau babu mai gardama. Tsanwakata mai rabin wutsiya ma ta shiga kayen, da sunana a gefenta, amma ba a yafe mini kuɗin shayi ba, domin Alhaji ya riga ni samun ta tun bara.

Allah ya ba mu damana mai albarka, ya maido mana da shamuwa baɗi muna masu rai da lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.